Abdalla Uba Adamu

Abdalla Uba Adamu (an haife shi ranar 25 ga Afrilu, 1956) malamin jami'a ne ɗan Najeriya, manazarcin ilimi da al'adu da kafafen sadarwa, wanda ya shugabanci Jami'ar Karatu Daga Gida ta Ƙasa, wato NOUN, daga shekarar 2016 zuwa 2021. Kusan duk rayuwarsa ta aiki a Jami'ar Bayero ta Kano ya yi ta, kuma a can ya zama farfesa har sau biyu a fannoni biyu da ba su da kusanci: na farko a ilimin koyar da kimiyya a 1997, na biyu a fannin kafafen sadarwa da al'adu a 2012. An fi saninsa a ƙasar Hausa da tsayawa kan cewa littattafan soyayya na Kano da finafinan Hausa da rubutun ajami abubuwa ne da suka cancanci a yi musu nazari a jami'a, a lokacin da malamai da yawa suke ganin ba su kai matsayin ba.

Haihuwa da karatu

An haife shi a unguwar Daneji da ke cikin birnin Kano. Mahaifinsa, Muhammadu Uba Adamu, wanda Kanawa suka fi sani da Kantoma, ma'aikacin gwamnati ne kuma masani, ya kuma rubuta littafi kan yadda Kano ta kafu ta zama birni mai cin gashin kansa. Abdalla ya yi digirinsa na farko a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, inda ya karanci ilimin koyarwa haɗe da kimiyyar halittu, ya gama a 1979. Ya yi hidimar ƙasa a Jihar Imo yana koyarwa a makarantar sakandare, sannan Jami'ar Bayero ta ɗauke shi aiki a 1980 a matsayin ƙaramin malami a sashen ilimi. Jami'ar a lokacin sabuwa ce, domin a 1977 ne ta tashi daga kwaleji ta zama cikakkiyar jami'a.

Ya tafi Ingila ƙaro karatu, ya yi digiri na biyu a Kwalejin Chelsea ta Jami'ar Landan a 1983, ya kuma kammala digirin digirgir a Jami'ar Sussex a 1988.

Aikinsa a fannin ilimin kimiyya

Binciken digirinsa na uku a kan makarantun sakandaren kimiyya na Jihar Kano ya yi shi. A 1977 gwamnatin jihar ta ware makarantu na musamman, irin su na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, inda ake zaɓo yara masu hazaƙa a horar da su a lissafi da kimiyya, saboda jihar na fama da ƙarancin likitoci da injiniyoyi 'yan asalinta. Tambayar da ya bi ita ce ko irin wannan shiri yana samar da ma'aikatan da aka kafa shi dominsu, da kuma abin da yake faruwa a cikin aji idan aka kawo manhajar da aka tsara a wani wuri aka ce malami ya koyar da ita a Kano.

Wannan tambaya ta aro da daidaitawa ita ce ta bi shi zuwa Amurka. Tsakanin 1991 da 1992 ya yi zaman bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a ƙarƙashin tallafin Fulbright, kuma daga nan ne littafinsa mai suna Reform and Adaptation in Nigerian University Curricula, 1960–1992 ya fito a 1994. Littafin ya bi diddigin yadda jami'o'in Najeriya, waɗanda aka gina bisa tsarin Ingila, suka koma tsarin Amurka na raba karatu zangon-zango da tara maki kwas-kwas, ba tare da an samar musu da yawan malamai da ɗakunan karatu da kuɗin da tsarin yake bukata ba. Duk ɗalibin da ya taɓa maimaita kwas ɗaya shekara biyu a jami'ar Najeriya ya san tsarin da ake magana a kai. A 1997 ya zama farfesa, yana da shekara 41.

Haruffa masu ƙugiya da rubutun ajami

Kafin ya shiga harkar adabi gadan-gadan, ya taɓa wata matsala ta rubutun Hausa wadda ba kasafai ake kula da ita ba sai an zo buga takarda. Hausar boko tana da haruffa masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ, waɗanda aka shigo da su tun shekarun 1930. Ba ado ba ne. Su ne suke raba baki da baƙi, kafa da ƙafa, fada da faɗa, bata da ɓata. Da kwamfuta ta fara yaɗuwa a ofisoshi da shagunan buga takardu na Kano a shekarun 1990, babu waɗannan haruffa a cikinta, sai masu buga littafi su rubuta k da d da b kawai, wasu kuma su bi da biro suna sa ƙugiyar da hannu kafin a kai maɗaba'a. Abdalla ya ƙirƙiro nau'in haruffan kwamfuta masu ɗauke da ƙugiyoyin, waɗanda aka sani da Rabi'at da Abdalla, kuma marubuta da maɗaba'u sun daɗe suna amfani da su kafin tsarin Unicode ya zama ruwan dare a wayoyi da kwamfutoci. Har yau akwai tsofaffin takardun Hausa da idan aka buɗe su a kwamfutar da ba ta da waɗannan haruffa sai ƙugiyoyin su rikiɗe su koma wasu alamomi dabam.

Game da ajami, matsayinsa ya fi haka zafi. Hujjarsa ita ce yaron da ya yi shekaru a makarantar allo ya iya karatu da rubutu da haruffan Larabci, kuma da waɗannan haruffa Hausawa suka yi ɗaruruwan shekaru suna rubuta waƙa da wasiƙa da lissafin kasuwanci. Amma tsarin ilimin boko yana lissafa irin wannan yaro a cikin jahilai, ya ce sai ya fara daga a, b, c. Shawararsa ita ce a rubuta darussan zamani, kamar kiwon lafiya da lissafi da sanin ƙasa, da ajami, a kai wa almajiri ilimin ta hanyar rubutun da ya riga ya mallaka. A kan wannan batu ya gabatar da laccarsa ta kama kujerar farfesa a Jami'ar Bayero a 2004. Hukumomi ba su rungumi shawarar a matsayin manufa ba. Hasali ma a 2007 cire rubutun ajami aka yi daga ƙananan takardun naira.

Muhawarar adabin kasuwar Kano

Daga tsakiyar shekarun 1980 aka fara samun wani sabon nau'in littattafan Hausa. Tattalin arziki ya karye, kamfanonin ɗab'i irin su NNPC na Zariya sun rage buga ƙagaggun labarai, sai matasa maza da mata suka shiga rubuta nasu suna bugawa da kuɗinsu, ana sayarwa a kasuwa da tashar mota. Yawancinsu labaran soyayya ne da aure da kishi da auren dole. Cikin waɗanda suka yi fice akwai In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, da Budurwar Zuciya da Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, da Allura Cikin Ruwa na Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa.

Masu suka sun yi musu ca. Ibrahim Malumfashi, masanin adabi ɗan Jihar Katsina, shi ne ya laƙaba musu sunan adabin kasuwar Kano, yana kwatanta su da ƙananan littattafan Turanci na kasuwar Onica waɗanda suka yi tashe suka ɓace. Ra'ayin wannan ɓangare shi ne littattafan ba su da zurfi, ba su bin ƙa'idar rubutu, suna kwaikwayon finafinan Indiya, kuma ba za su daɗe ba. Wasu iyaye da malaman addini sun ƙara da cewa suna lalata tarbiyyar 'yan mata.

A 1999 Abdalla ya shiga muhawarar a shafin adabi na jaridar New Nigerian ta ƙarshen mako, wanda Ibrahim Sheme yake kula da shi, ya tsaya a ɓangaren marubutan. Abin ya ba mutane mamaki domin shi ba daga sashen Hausa ya fito ba, farfesan koyar da kimiyya ne. Amma daga ilimin nasa hujjar ta fito. Cewa ya yi ga dubban matasa, galibinsu mata, waɗanda makaranta ta kasa riƙewa, suna sayen littafi da kuɗin aljihunsu suna karantawa da harshensu, wasu ma saboda littattafan suka koyi karatu, don haka mai son yaƙi da jahilci bai kamata ya raina abin da ya yi wannan aiki ba. Ya kuma ƙi yarda a ce ma'aunin adabin Hausa ɗaya ne tak, wato salon Abubakar Imam da sauran littattafan gasar 1933 irin su Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar. A nan ya kawo hujjar da ta fi wuyar turewa: Magana Jari Ce, wanda ake ɗauka a matsayin tsantsar Hausa, cike yake da labaran da Imam ya aro daga Larabawa da Indiyawa da Turawa ya yi musu riga ta Hausa. In aro bai zama laifi a wurin Imam ba, sai a faɗi abin da ya sa ya zama laifi a wurin yarinyar da ta rubuta labarinta a Fagge.

Ba duka sukan ya rushe ba. Maganar rashin bin ƙa'idojin rubutu gaskiya ce, duk wanda ya buɗe littattafan wancan lokaci zai ga yadda ake haɗe kalmomi ana raba su yadda aka ga dama. Sai dai hasashen cewa adabin zai mutu bai tabbata ba: ya tashi daga takarda ya koma rediyo, ya koma waya da intanet, kuma yanzu ana rubuta kundayen digiri a kansa a sassan Hausa na jami'o'i, har da waɗanda suka fara guje masa.

Finafinan Hausa

Daga littattafai ya gangara kan finafinai, domin marubutan da yawa su ne suka koma shirya fim. Ana lissafa Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa, wanda ya fito a 1990, a matsayin fim ɗin bidiyo na Hausa na farko da aka yi don kasuwa. Zuwa ƙarshen shekarun 1990, musamman bayan fitowar Sangaya, rawa da waƙa irin ta Indiya sun zama ginshiƙin sana'ar, sunan Kannywood kuma ya bayyana a mujallar Tauraruwa a 1999. Bayan ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Kano a 2000, gwamnatin jihar ta kafa hukumar tace finafinai a 2001, aka shiga doguwar takaddama tsakanin 'yan fim da malamai da hukuma.

A 2003 Abdalla yana cikin waɗanda suka shirya taron ƙasa da ƙasa kan finafinan Hausa a Kano, inda aka haɗa malaman jami'a da 'yan fim da masu sukarsu a zaure ɗaya. Takardun taron sun fito a littafi a 2004 mai suna Hausa Home Videos: Technology, Economy and Society, wanda ya tace tare da Yusuf M. Adamu da Umar Faruk Jibril. A 2006 ya gabatar da laccar Mary Kingsley Zochonis a Landan kan yadda kafafen sadarwa na ƙasashen waje suke shigowa cikin al'adun Hausawa Musulmi.

Abin da ya ja hankalin masana na waje a aikinsa shi ne alkiblar da tasirin yake fitowa. An saba cewa al'adun Amurka da Turai ne suke mamaye na Afirka. A Kano kuwa ba Hollywood ce ta fi tasiri ba, Bombay ce: tun shekarun 1960 gidajen silima na birnin suke nuna finafinan Indiya, 'yan kallo suka ga auren dole da kunya da biyayyar iyaye da suka yi kama da nasu. Har masu bege da bandiri sun ɗauki karin waƙoƙin finafinan Indiya suka ɗora musu yabon Annabi, batun da shi da masanin nan Brian Larkin duk suka yi rubutu a kai. Ya bi finafinan Hausa ɗaya bayan ɗaya yana nuna wane fim ɗin Indiya aka juya, me aka riƙe, me aka zubar don ya dace da Musulunci da al'ada. Bai ɓoye ra'ayinsa cewa yawan kwaikwayon ya hana sana'ar nuna rayuwar Hausawa yadda take ba, don haka ba daidai ba ne a ɗauke shi a matsayin mai yabon Kannywood ido rufe.

Wannan aiki ne ya kai shi ga kujerar farfesa ta biyu a 2012, da lacca ta biyu ta kama kujera a 2014. Ya yi koyarwa da zaman bincike a jami'o'in waje, ciki har da Jami'ar Kolon a Jamus, da Jami'ar Warso a Foland, da Jami'ar Rutgers a Amurka.

Shugabancin NOUN

Tarihin NOUN yana da ƙarfa-ƙarfa. Gwamnatin Shehu Shagari ce ta kafa ta a 1983 domin ma'aikata da sauran waɗanda ba za su iya barin gida su zauna a jami'a ba. A 1984 gwamnatin soja ta Muhammadu Buhari, ɗan Daura, ta dakatar da ita. Ta yi kusan shekara goma sha bakwai a kwance kafin gwamnatin Olusegun Obasanjo ta farfaɗo da ita a farkon shekarun 2000, Olugbemiro Jegede ya shugabance ta, Vincent Tenebe ya gaje shi. A watan Fabrairun 2016 Buharin nan dai, wanda ya dawo a matsayin zaɓaɓɓen shugaban ƙasa, shi ne ya amince da naɗa Abdalla. Naɗin ya zo ne cikin sauya shugabannin jami'o'in tarayya 13 a lokaci ɗaya, matakin da aka soka bisa hujjar cewa majalisun gudanarwar jami'o'i ne doka ta ba ikon zaɓen shugabanninsu.

Jami'ar da ya tarar tana da ɗalibai dubban ɗaruruwa a rajista, fiye da kowace jami'a a ƙasar, amma takardar shaidarta ba ta da cikakkiyar daraja. Dokar 1983 ta bayyana karatunta a matsayin karatu ta wasiƙa, kuma da wannan kalma hukumomi suka riƙa kafa hujja. Ba a tura waɗanda suka gama hidimar ƙasa ta NYSC, waɗanda suka karanci shari'a kuma an rufe musu ƙofar Makarantar Horar da Lauyoyi, wadda ba a zama lauya a Najeriya sai an bi ta cikinta. Mutum ya yi shekara biyar yana biyan kuɗi yana rubuta jarrabawa, ya fito da digirin da ba zai iya aiki da shi ba. A zamaninsa ne Majalisar Dokoki ta Ƙasa ta yi wa dokar gyara, Buhari ya sa hannu a ƙarshen 2018, aka cire maganar wasiƙa aka amince da karatu ta hanyar fasahar sadarwa. Gyaran ya kawar da hujjar doka, amma bai sa hukumomin sun buɗe ƙofa nan take ba, an ci gaba da kai-komo da su har bayan ya bar kujerar.

A cikin gida, ya mayar da hedikwatar jami'ar daga Legas zuwa mazauninta na Jabi a Abuja. Ya karɓe bayanan ɗalibai da shafin rajista daga hannun kamfanoni masu zaman kansu ya mayar da su hannun ma'aikatan jami'ar, matakin da ya jawo rigima da tsaiko a farko amma ya sa jami'ar ta mallaki sunaye da sakamakon ɗalibanta. Ya sake fasalin sassan karatu suka koma tsangayoyi kamar na sauran jami'o'i. Cibiyoyin karatu da ke warwatse a jihohi sun ƙaru har suka haura 100. A 2019 jami'ar ta samu cibiyar ƙwarewa ta Afirka kan koyarwa da fasaha, ACETEL, da tallafin Bankin Duniya.

Abu biyu sun fi jan hankalin jama'a. Ɗaya shi ne yafe wa fursunoni kuɗin makaranta gaba ɗaya, ta yadda wanda yake tsare a gidan yari zai iya yin digiri a cibiyar da ke cikin gidan ba tare da biyan ko kwabo ba. Ɗayan kuma shi ne bikin yaye ɗalibai na Janairun 2018, inda Obasanjo, tsohon shugaban ƙasar da ya farfaɗo da jami'ar, ya karɓi digirin digirgir a ilimin tauhidin Kirista a matsayin ɗalibinta, yana da shekara 80. Da annobar korona ta rufe jami'o'in Najeriya a 2020, karatu daga nesa da ake yi wa kallon na biyu ya zama abin da kowace jami'a take neman yadda za ta yi.

Ƙorafin ɗalibai kan jinkirin kayan karatu da matsalolin sakamakon jarrabawa bai ƙare a zamaninsa ba. Wa'adinsa na shekara biyar ya cika a Fabrairun 2021, Olufemi Peters ya gaje shi.

Bayan NOUN

Ya koma Jami'ar Bayero, Tsangayar Sadarwa, ya ci gaba da koyarwa da duba ɗaliban manyan digiri. Rubuce-rubucensa na baya-bayan nan sun karkata ga waƙoƙin zamani na Hausa, da yadda matasa suke amfani da kafafen sada zumunta irin su Facebook da TikTok, da tarihin birnin Kano da unguwanninsa.